Gwajin Laftof a Gindin Dogonyaro

"A hito da ita waje," in ji Malam Labbo.

Azubuike, mai shagon, ya dubi tsohon, ya dubi Hanifa, 'yar tsohon, sannan ya dubi siririyar laftof ɗin da ke sheƙi a kan tebur. Shekararsa ashirin yana sayar da kwamfuta a Birnin Kebbi, ba a taɓa cewa ya fitar da kayansa cikin rana ba.

"Baba, ai gaban idonka munka gwada ta," ya ce da Hausarsa ta Kabi. "Minti tara ta gama aikin. Mi ya rage?"

"Cikin sanyin na'urar esi kunka gwada. Ɗiyata ba cikin sanyi taka aiki ba."

Hanifa ta sunkuyar da kai. Ta san za a yi haka tun da ya ce zai rako ta daga Zauro. Mahaifinta bai taɓa sayen injin ban ruwa da safe ba. Sai rana ta take yake zuwa, ya sa a tayar da injin, ya nemi wuri ya zauna, ya bar shi ya yi ta kuka awa guda. A ganinsa kowane inji mutumin kirki ne kafin ya yi zafi. Shinkafarsa ya sayar don wannan sayayya, saboda haka babu mai hana shi.

Watanta uku tana aikin gwaji da wani kamfanin auna gonaki daga Abuja. Ƙaramin jirgi maras matuƙi ke ɗauko hotunan fadama, sai a haɗa su a kwamfuta su zama taswira, kowane manomi ya ga iyakar gonarsa. Jibi a Argungu ita za ta haɗa taswirar a gaban manoma da shugaban aikin, kuma daga nan za a san ko za a riƙe ta ko a sallame ta. Tsohuwar kwamfutarta ta makaranta ko buɗe hotunan ba ta iyawa.

Laftof biyu Azubuike ya ajiye mata. Siririyar mai ruwan azurfa ita ce mai tsada, kuma irinta ce sak mutanen Abuja ke riƙewa. Ɗayar baƙa ce, mai kauri da nauyi, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe. Hanifa ta karanta a intanet cewa siririyar tana rage gudu da kanta idan ta yi zafi, don kada ta ƙone. Ta karanta, ta rufe shafin, ta ci gaba da son abarta. Dalilin kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. A wurin aiki ita kaɗai ce 'yar gari, kuma har yanzu tafinta suka ɗauke ta, duk da takardar injiniya da ke jakarta. Abin yana cin ranta. Ta ƙudurta cewa ranar da ta buɗe irin kwamfutarsu a gabansu, kallon zai canza.

Azubuike ya yi tsaki a hankali, ya ɗauko benci da kansa. Suka zauna a gindin dogonyaron da ke ƙofar shago. Ƙarfe ɗaya saura ne na rana, a watan Afrilu, iskar ma zafi take kawowa. Malam Labbo yana cikin babbar rigarsa ta zuwa birni, gumi na bin gemunsa, amma bai nuna alamar damuwa ba.

Hanifa ta ɗora wa siririyar hotuna ɗari uku na fadamar Ambursa, waɗanda aka gwada da su a ciki. Da farko layin da ke nuna ci gaban aiki ya zabura. Bayan minti biyar ya fara jan ƙafa. Ta taɓa ƙasan kwamfutar, ta janye yatsa da sauri.

"Ba lalacewa ta yi ba," in ji Azubuike. "Kanta taka karewa. In ta ji zahi sai ta rage gudu. Dabara ce ta masu ƙera ta."

"Jakina ma ya san wagga dabara," in ji Malam Labbo.

Aka yi kiran azahar, tsohon ya tafi masallaci ya dawo, layin bai kai ƙarshe ba. Sai a minti na arba'in da bakwai taswirar ta fito. Aka kawo baƙar. Ta cika wurin da gurnani har mai sayar da rake na gefe ya waiwayo, amma minti goma sha biyar ta gama, kusan daidai da abin da ta yi a cikin shago.

Azubuike ya share wuyansa da hankici. Ciniki mai tsoka yana neman kuɓuce masa, amma ba ya son a dawo masa da kaya ana zagi.

"Injiniya, gaskiya ɗaya ce," ya ce wa Hanifa. "In ofis za ki zauna, ɗauki siririya, babu irinta garin ga. In hwadama za ki shiga, ga baƙa nan. Mummuna ce, amma ba ta jin rana."

Hanifa ta daɗe tana kallon siririyar. Ta hango kanta jibi a Argungu, manoma hamsin sun kewaye ta, layin nan yana jan ƙafa, shugaban aiki yana duba agogo. Sai ta miƙa hannu wajen baƙar.

"Wagga zan ɗauka."

"A'a," in ji Malam Labbo. "Ɗauki hwarar."

Ita da Azubuike suka juyo tare. Tsohon bai dube su ba, titi yake kallo.

"Baba, kai ka ce a hito da ita. Ka ga abin da ta yi."

"Na gani. Na so in san aibinta ne, ban ce ba a saye ba." Ya gyara hannun rigarsa. "Ran da kunka zo auna gonakin Zauro ina nan tsaye bakin rijiya. Wancan ɗan Abuja mai tabarau ya sauko mota, ya miƙa miki jaka tai, ko dubinki bai yi ba. Kin ɗauka, kina biye da shi har bakin gulbi. Shekara biyar ina noma kina jami'a. Ɗauki irin tasu."

Hanifa ba ta san ya gani ba. A ranar ta ɗauka yana can gonar albasa. Kunya ta kama ta. Azubuike ya sami abin dubawa a wayarsa.

"Baba," ta ce a hankali, "in ta tsaya jibi gaban mutane, ko jakar ba su ƙara ba ni. Sallamata za su yi."

Malam Labbo ya juyo daga kallon titi. Ya dubi baƙar laftof ɗin yadda yake duban injin da ya ci jarrabawa amma bai kwanta masa a rai ba. Can ya gyaɗa kai.

Azubuike ya shiga ya naɗe ta, ya haɗa da cajarta mai girman bulo, ya ƙara musu jaka kyauta. Da ya fito Hanifa ta miƙa hannu za ta karɓa, sai tsohon ya riga ta. Ya rataya jakar a kafaɗa bisa babbar riga, nauyin ya ɗan karkatar da shi.

"Baba, kawo mana, da nauyi fa."

"Wuce gaba," ya ce. "Yau ba ki ɗaukar jakar kowa."

Ta wuce gaba, yana biye da ita har tashar masu babur.