Bakin Askar Baba Isah

"Ƙara matso da ita," in ji Baba Isah Wanzami, hancinsa ya kusa taɓa allon da ke nuna askar. "Mi kag gani?"

Na gyara askar a ƙarƙashin madubin da nake duba injin waya da shi, mai mayar da ƙwayar yashi kamar dutse. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Ƙaura, shi ya yi mini askin suna, amma bai taɓa shiga shagona ba sai ran nan. Sati biyu kafin nan ya yanki jariri a ka wajen suna a garin Ɗan Isa. Yankan bai yi zurfi ba, sai dai mata ba su bar maganar ta kwanta ba. Ga jikansa, ɗan 'yarsa Saudat, saura kwana uku a yi masa aski.

Na saba ɗaukar hoton bakin ƙarafa don nishaɗi, wuƙar mahauci, almakashin tela, har reza sabuwa fil. Kowacce ka ƙara mata girma sai ta koma haƙoran zarto. Ta Baba kuwa layi ɗaya ce, sumul. Ni da rawar kaina na hau yabo.

"Baba, ban taɓa ganin irinta ba. Ko ta kamfani ba ta kai ta ba."

"Babu giɓi?"

"Ko guda."

"Duba da kyau, Alamin. Wajen tsinin."

Na duba, na ɗauki hoto, na nuna masa ina washe baki. Ya ƙura wa hoton ido.

"Ashe ba ita ta ba," ya ce.

Sai da ya fita na gane abin da ya zo nema. Giɓi ɗaya yake so in nuna masa, ya ɗora wa ƙarfe laifi, ya koma kan dutsen washi. Ni kuwa na wanke askar tas, na bar shi da hannunsa. Har yau in na tuna washe bakin nan nawa sai in ji na tsani kaina.

Ran suna wani wanzami aka kira daga garin Kurya. Baba ya zauna a zaure, hannuwa cikin riga. Bai ƙara rataya zabira ba. Da safe na daina jin ƙarar washi ta katanga, sai tari. Kafin a yanke gero ya rasu, wata Talata bayan Azahar.

Bayan addu'ar uku Saudat ta tsaya bakin shago, goye da yaron.

"Yaya Alamin, an ce ka taɓa yi ma Baba hoto. Ba mu da ko guda."

Na kasa ce mata a'a, na buɗe waya na miƙa mata. Bakin aska ne fes, daga gefe zuwa gefe. A ƙasa akwai wani duhu da ban lura da shi ba sai ranar. Babban yatsansa ne da ya kawo zai taɓa ta, ya fito dishi-dishi saboda rawa. Ta sa yatsu biyu tana ƙara masa girma, yana ƙara watsewa.