Kwalabe Shida a Littafin Firiza

Shekara uku Doguwa tana renon ƙwayoyin halitta na fatar saniya a cikin kwalabe, a ɗakin binciken jami'a. Tusar jaki ce ta fito wa wata saniya a wuya, ta yanko, ta tace ƙwayar cutar da ke haddasa ta, ta zuba wa ƙwayoyin nata. Da cutar ta kama su sai suka daina kwanciya a shimfiɗe, suka riƙa hawa kan juna tsibi-tsibi. A kan wannan tsibin digirinta ya tsaya kacokan. Saniyar kuwa tuni aka yanka ta.

Da haihuwa ta zo mata, wa za ta bar wa in ba Mai Tabarau ba? Tebur ɗaya suke aiki, kofi ɗaya suke shan shayi.

"Ƙawata, duk kwana uku ki canza musu ruwa. In sun cika ki raba."

"Haba, ni za ki koya wa? Je ki haihu lafiya."

Ta dawo ta tarar da kwalabenta jere a akwatin ɗumi, da lambobinta a jiki. Ta leƙa madubin ƙara girma: ƙwayoyi kwance lafiya lau, babu tsibi ko ɗaya.

Wata uku tana fama. Ta canza ruwa, ta canza safar hannu, har sabulun da take wa jaririya wanka ta zarga. Asabar da Lahadi ta bar yarinya wurin mijinta tana tsala kuka, ta taho ta sake gwaji. Farfesan da ke duba aikinta ya fara yi mata kallon wadda haihuwa ta kwashe wa basira. Mai Tabarau kuma kullum da shayi a hannu: "Ki yi haƙuri, ƙawata, za su dawo."

Saura mako shida ta kare aikinta a gaban malamai, ta ce to, bari a ta da na ajiya. Kwalabe shida ƙanana ta daskarar tun farko don irin wannan rana. Ta buɗe firiza, ta jawo akwatinta. Wayam.

A ɗakin nan akwai doka: wanda ya ciri kwalba sai ya sa hannu a littafin da ke rataye a ƙofar firiza. Mai Tabarau ce ma mai bin mutane da faɗa a kan haka. Doguwa ta buɗe shafin watan da take jego. Sa hannu shida, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, duk na mutum guda. Kai, sabo! Mai Tabarau ta iya kwaikwayon rubutun Doguwa a jikin kwalba, amma hannunta bai iya wuce littafin nan ba.

Ta same ta tana jera bututu, ta ajiye mata littafin a buɗe.

Mai Tabarau ta cire tabarau, ta mayar. "Tafiya ta kama ni kwana biyar, na dawo na tarar sun ruɓe. Na ta da na ajiya ɗaya bayan ɗaya, duk suka ƙi. Sai na zuba nawa marasa cuta, na ce kafin ki gane..."

"Kafin in gane me?"

"Kunya ce, wallahi."

"Ƙwayoyi suna mutuwa a hannun kowa, da na yafe a ranar. Amma wata uku kina kallona ina zargin hannuna? Na cire 'yata daga nono tana wata biyar saboda kwalaben nan. Ke kika ce min in daure!"



Dokar ɗakin ce, kwalbar da ta gama amfani mai ita ke zuba mata bilic ya kashe abin da ke ciki. Doguwa ta kwaso su duka daga akwatin ɗumi, ta jera a gabanta, ta tura mata robar bilic.

"Ga su nan. Naki ne ai, ni reno kawai na yi miki."