Ban da Ruwa, Wendell

…ban da ruwa. Iyakar abin da zan ce wa 'yan kwana-kwana ke nan, ban da ruwa, to me ya sa bakina ya bushe ƙamas haka? Ga ni tsaye a ƙofar ma'aikata, ga jiniya tana tahowa ta wajen gadar jirgi, kuma na san kana cikin motar nan, Wendell. Na sani. Kai da ko igiyar takalmi ba ka tsayawa ɗaurewa in an kira 'yan kwana-kwana. Wai ɗan sa-kai! Wa ya aike ka? Gyaran motocin bai ishe ka ba?

Duron yana can baya, a fili. Cike da garin maganiziyam, garin ƙarfen da muke tankaɗewa tun safe — hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin murfi, siriri, fari. Orval da muke tebur ɗaya ya ce, "Loretta, kar ki yi ihu, buɗe min ƙofar baya." Ya tura shi waje a kan baro, da hannuwan nan nasa… hannuwan nan. Yanzu ya cire murfin yana zuba masa busasshen yashi a hankali, kamar mai barbaɗa sukari a kan kek. Haka aka koya mana. A rufe wutar da yashi, a ja da baya, a bar ta ta cinye kanta.

To wane mai shisshigin ne ya buga musu waya? Mai shagon kofin nan ta tsallaken titi ce, na rantse, ita da komai sai ta —

Kofi. Kofi ne fa ya ci hannuwan Orval. Shekarun baya, 'yar wuta ce ta tashi a kan tebur, ba ta kai tafin hannu ba, shi kuma kofi na hannunsa, ya watsa mata. Wa ba zai watsa ba? Ni ba ƙarar nake tunawa ba, hasken ne. Fari fat. Na yi kwanaki ko na rufe ido ina ganinsa. Da warin… a'a, Loretta, bar zancen warin nan.

Na gaya maka ai. Ban gaya maka ba? Ran Lahadi bayan coci, bakinka cike da dankali, na ce wutar wurin aikinmu ruwa abincinta ne. Ka yi dariya. "Mama, wuta ai wuta ce." Ja'iri. Har ka ɗauki kofin ruwa kana tsokanata da shi. Shugabanku ya sani, tsohon nan ya sani sarai, amma yana asibiti an yi masa aiki a gwiwa, sai ku, yara, jini na tafasa, kowa so yake a ce shi ya fara kama mesar ruwa. Kuma kullum kai ne kake fara kamawa.

Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu ta wajen gonakin masara. Na bar shanya a igiya ma… shanya! Ji abin da nake tunani, ɗana na zuwa ya watsa wa ajalinsa ruwa ina zancen zannuwan gado.

Ga motar. Ja, fitilu na walƙiya, ba ta rage gudu ba. Tsakiyar hanya zan tsaya. Su take ni in sun ga dama. Birki, wayyo Allah, birki — ta tsaya. Zafin injin har fuskata.

Ka diro. Ko kallona ba ka yi ba, ka riga ka ja mesa, kafaɗar ubanka sak. Na damƙe rigarka, kauri gare ta. Muryar wa ce wannan mai ihu? Tawa? Ban da ruwa, ban da ruwa, ban da —

"Mama, sake ni, aiki nake."

Ba zan sake ka ba. Ka ja ni a ƙasa har can.

Orval ya taho. Ya cire safar hannu ya ɗaga maka hannuwansa. Duba da kyau, yarona. Duba yatsun da suka manne da juna. Kofi ɗaya ke nan, kai kuma tanki guda ka kawo.

Ka tsaya… ka kalle ni… mesa ta sauka ƙasa. Ka ɗaga wa na wajen famfo hannu, ya rufe. Na gode, ya Ubangiji, na gode. Bari in zauna nan a gefen kwalta, kowa ya gani, ban damu ba.

Ina kuma za ka? Shebur ka ɗauka. Za ka taya Orval zuba yashi, to, yashi ba komai, yashi ne daidai. Amma ka matsa kusa da yawa, Wendell, kanka har bisa bakin duron, ga shi a buɗe, a fili, babu rufi a samansa, babu…

Iska ta juya. Ƙanshin ƙasa.

Mene ne wannan mai sanyi a bayan hannuna? Gumi ne. Gumi ne mana, tun ɗazu nake zufa.

Ga wani ɗigon ya sauko daga sama, ya sauka a kan kwalta.