Yashi a Cikin Kili

"Ƙyale shi ya ci gaba da zubawa. Da hannunsa zai gama mana aikin."

Auta tana bayan ƙofar kicin tana goge tukunya ta ji matar Yaya ta faɗi haka, Yaya kuma ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Tun ranar maganar ta ƙi fita daga kunnenta.

Yau da safe Kili ya sake faɗuwa. Tsohon dokin Baba ne, duk haƙoransa sun cinye. Sai ya yi birgima a barga, ya miƙe, ya waiwayi cikinsa ya kai masa harbi, gumi na tsiyaya a wuyansa. An ba shi maganin tsutsa, an canza masa ciyawa, amma ciwon cikin sai ya lafa ya dawo.

Yaya ne ya kira likitar dabbobi, kuma tun daga bakin ƙofa ya fara yi mata famfo: doki ya tsufa, wahala kawai yake sha, allura ɗaya sai kowa ya huta. Garejin mota yake son ginawa a wurin, har tifa ta juye yashi a cikin bargar. Baba ne ya ce muddin Kili na numfashi, ba mai ɗora bulo ko ɗaya.

Likitar ta wuce wurin Kili. Ta buɗe bakin dokin ta duba, ta durƙusa ta daɗe tana sauraron ƙasan cikinsa. Sannan ta sa doguwar safar roba ta ɗebi kashinsa, ta juya safar kashin ya koma ciki, ta ce Auta ta zuba ruwa. Ta cakuɗa, ta rataye a ƙusa. Matar Yaya ta toshe hanci, ta ce ashe yau shayin doki za a sha, a miƙo kofuna.

Baba yana dafe da katanga, ya fuskanci inda yake zaton dokin yake. Idanunsa sun daɗe da yin hazo, amma a gidan ba a faɗa.

Can sai yatsun safar suka yi nauyi. Likitar ta murza ɗaya, Auta ta ji ƙaras-ƙaras.

"Yashi ne ya taru masa a hanji," in ji likitar. "A ƙasa yake cin abinci. Wa ke ba shi?"

"Ni," Baba ya ce, har da ɗaga kai. "Da hannuna. Ban yarda da yaran nan ba. Kuma a kwami nake zuba masa, dokina bai taɓa ci a ƙasa ba."

Likitar ta dubi gindin katangar. Babu kwami. Tulin yashi ne, da wani rami da harshe ya lashe ya yi sumul, ga ɓurɓushin dusa a gefe. Auta ta san ramin. Kullum da safe tana hango Baba ta taga yana miƙa bokiti ta saman katanga yana juyewa, yana kiran Kili abokin tafiya. Sau da yawa ta buɗe baki, sai ta tuna harar Yaya, ta tuna faɗa wa Baba daidai yake da ce masa ya makance.

Likitar ta ce in an fara magani yau, aka daina ba shi a ƙasa, akwai fata, ko da yake ba ta yi alkawari ba. Yaya ya matsa kusa da ita, ya nuna idonsa da yatsa, ya yi ƙasa da murya. Wai kada ta karya zuciyar tsoho, in ya gane shi ya yi wa dokin haka ba zai ɗauka ba. Gara ta ce masa tsufa ne kawai, ta yi allurar.

"Yashi kuma?" Baba yana juya fuska daga murya zuwa murya. "Daga ina yashi?"

Matar Yaya ta danne dariya da gefen mayafi. Kili ya sake durƙushewa.

Auta ta ajiye butar ruwan. Muryarta ta fito siririya, amma har Baba ya ji.

"Yaya, ina ka kai kwamin Kili?"