Dokar Ƙadangaru a Kan Koyon Walda

Wani irin mafarki Sambo Ɗanjuma ya yi daren jiya. Tun da aka rufe masaƙar da yake aiki, ba shi da burin da ya wuce ya shiga cibiyar koyon sana'a ta jiha ya koyi walda, ko ya daina fita da safe ba tare da sanin inda ya nufa ba.

Sai ya gan shi a zauren majalisar jiha. 'Yan majalisar duk ƙadangaru ne, kowanne da babbar riga, suna shan hantsi a kan kujeru. Shugabansu ya karanta sabuwar doka: an haɗe hukumar koyar da sana'a da hukumar da ke sa mata ido, an kuma kafa wata da za ta sa ido a kan haɗewar. Duk suka gyaɗa kai. Aka nemi waɗanda ba su yarda ba, suka sake gyaɗa kai.

Can sai ga shi a ƙofar cibiyar. Ginin yana da ƙafafu, da Sambo ya matso sai ya yi gaba, wai an mayar da shi ƙarƙashin wata ma'aikatar. A bayan gari ya cim masa, ginin ya tsaya shan ruwa a kududdufi.

A ciki wani bunsuru ne bisa kujerar darakta, yana taunar tsohon allon sunan hukumar.

"Ranka ya daɗe, walda na zo koya."

"Malamin walda ya samu ƙarin girma," in ji bunsurun. "Yanzu shi ke duba masu duba malamai."

"To wa zai koya mini?"

"Wannan tambayar ta tsohuwar doka ce."

Aka kai shi gaban injin walda wanda ba a taɓa kunnawa ba. Jami'ai sun kewaye shi, kowa da baƙin gilashi don kada tartsatsi ya taɓa masa ido. Suka ce Sambo ya zauna su sa masa ido. Ya zauna har gemunsa ya yi fari, yana jin muryoyin 'ya'yansa a waje suna girma.

Daga ƙarshe bunsurun ya zo ya dafa kafaɗarsa da kofato.

"Barka, ka ƙware."

"A me, ranka ya daɗe?"

"A jira. Gobe za ka fara koya wa sababbi."

Sambo ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji kansa yana gyaɗawa shi kaɗai.

Ƙarar cokali ce ta tashe shi. Matarsa Asabe ce a tsakar gida, tana kankare ƙanzon tukunyar jiya don yara su karya.