Tayar Mota a Keken Badamasi

Badamasi mutum ne mai dabara, kuma da ya tsaya a kan ba mutane shawara, da har yau ana ganin girmansa. Aibinsa ɗaya: yana gwada dabarar a kansa.

Wata shekara, irin tumatirin da ya rena a bayan gida ruwan ƙarshen damina ya doke shi ya ruɓe. Maƙwabtan gonarsa a wajen Bunkure duk sun yi dashe. Tasa ce kaɗai kwance, an ja fangali an gyara, babu abin sawa. Sai Usaini, abokinsa na Kadawa, ya aiko masa cewa yana da ragowar iri da zai cika gona guda, ya zo ran Laraba ya cire. Ranar ce kuma layin ban-ruwa zai zo kan gonar Badamasi. Iri in an cire shi ba ya jira, kuma bayan na Usaini babu saura a yankin. Ko ya dasa ran Laraba, ko ya cinye rani yana yi wa mutane barka da aiki.

Matsalar ita ce keke. Tayoyin sun suɗe kamar kan Badamasin, tub kuwa faci ne a kan faci, ga hanyar bakin kanal shimfiɗe da ƙayar tsidau. Sabuwar taya ta fi ƙarfinsa a lokacin, masu babur kuma tun da fetur ya yi tsada ko gaisuwarsu sai ka shirya.

Ya tura keken wurin Dattijo, taubashinsa, mai yanka tsofaffin tayoyin mota yana yin takalma a kasuwar Kura.

“Kai bawana, ƙaya ta taɓa huda takalminka?”

“Ƙaya? Ƙusa ma sai ta yi salati,” in ji Dattijo.

“To yanko min tafin tayar mota, faɗin yatsa uku, ka ɗinka a kan waɗannan. Gaba da baya.”

Dattijo ya ajiye wuƙa ya dube shi. “Injiniya. In haka ake yi, me ya hana masu ƙera keken su yi tun can?”

“Don mu yi ta saye mana. Dubi ta mota, shimfiɗaɗɗiya, ta zauna daram kamar mai kuɗi a kan darduma. Mu aka ba mu mai doro kamar bayan gora, tana taka ƙasa da ɗan tsiri kamar mai tsoron mai gida.”

Dattijo ya ga aiki ne ya zo. Ya yanka, ya fere, ya sa basilla ya ɗinke tsaf, suka cire ƙarfen da ke rufe tayoyin don su samu wurin juyawa.

“In ka mutu keken nawa ne,” in ji shi. “In kuma ka rayu, ka same ni a gonar ran Laraba, in taya ka dashe in ci tuwon Mairama.”

Mairama, matar Badamasi, ta leƙo soro ta ga keken, ta ce, “Malam, wannan hawa ake yi ko huɗa?” Ya hau ya nuna mata a ƙofar gida, tafiya da dawowa. Hanyar ƙofar gidansu miƙaƙƙiya ce.

Ran Laraba da zuwa Kadawa ya ji keken yana ɗan gardama a kwana, yana sa ƙafa ƙasa yana juya shi. Ya ce sabunta ce. Suka cire irin shi da Usaini, suka jera a kwanduna biyu, suka rufe da jiƙaƙƙen buhu, suka ɗaure a kariyar bayan keken. Rana ta yi sama, ya kamo bakin kanal da sauri.

Nan fa ya ji daɗin duniya. Tsidau na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa, babu ko fis. Ya wuce wani mai babur yana tura nasa, ya yi masa sannu da murya mai tausayi fiye da yadda ake bukata. Har ya fara tsara yadda za su buɗe rumfa shi da Dattijo.

Sai gangaren nan na kusa da ƙofar ruwa, inda hanya ke lanƙwasa hagu ta rabu da babban kanal. Badamasi bai yi tunanin komai ba. Jikinsa ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro, ya kwanta hagu don keken ya bi. Taya mai doro da ta mirgina kan gefenta ta tafi da shi. Wannan ba ta da gefe, sai kaifi. Ta ɗaga ta tsaya a kan kaifin, ta yi rawa, ta faɗo kan tafinta, keken ya miƙe zumbur ya ci gaba da tafiya inda ya sa gaba. Inda ya sa gaba kuwa ruwa ne.

Yana tsaye a kanal, ruwa iya ƙirji, ilimin ya zo masa gaba ɗaya, a lokacin da ba shi da amfani. Mota ƙafa huɗu gare ta, ba ta kwanciya, shi ya sa aka shimfiɗe mata tafi. Keke da kwanciya yake shan kwana. Doron da ya raina shi ne ƙafar da keke ke takawa in ya karkata.

Kwandunan sun kife. Irin ya bazu a kan ruwa, kore shar, yana tafiya a natse zuwa ƙofar ruwa. Badamasi ya bi shi da hannu biyu, ya tara da riga, ya kama da haƙori. Sauran ya shige ƙarƙashin ƙofar yana kallo.

Ya iso gona yana tura keken, wando na ɗiga. Ruwa ya riga ya cika fangali-fangali, ya kwanta yana jira. Dattijo na zaune a kan kunya. Ya buɗe baki, don taubashi ne, haƙƙinsa ne, kuma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Sai ya leƙa kwandon, ya rufe bakin.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Ashe keke sai ya kwanta yake juyawa.”

Dattijo ya shafa tayar. “Ɗinkin dai bai warware ba.”

“Bai warware ba. Allah ya yi wa hannunka albarka.”

Suka naɗe wando suka shiga. Irin ya cika fangali biyu da ɗan ɓari, suka tsaya suna kallon sauran gonar tana shan ruwa a banza.

Fangali biyun sun kama, sun yi fure, sun ɗaura ’ya’ya. Kafin su nuna, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sauka a yankin. A shekarar, ko waɗanda suka cika gonakinsu da dashe ba su kai kwando kasuwa ba.