Basfar Baba Reluwe

Shekara talatin da ɗaya Yekini ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa a tashar Kano, shi ya sa duk Fagge ba mai kiransa da sunansa sai Baba Reluwe. Daga Offa ya zo yana saurayi, a nan Kano ya auri Ramota, a nan suka haifi ɗansu Waliu, a nan kuma ya ƙudurta za a binne shi. Bayan ya yi ritaya sai mantuwa ta fara yi masa sanɗa. Yau ya fita masallaci da takalmin Ramota, gobe ya gai da liman sau uku a zama ɗaya.

Waliu yana koyarwa a Ilori. Da labari ya kai masa, sai ya hawo jirgi a ƙarshen Satumba da magana guda: iyayensa su tattara su koma Offa, inda akwai dangi masu sa ido.

"Baba, ko sojoji sun yarda za su koma bariki," in ji shi. "Kai ma ka haƙura ka koma gida."

"Nan ne barikina," in ji Yekini.

A zaure akwai tsohuwar basfarsa, shekara biyar ba ta tashi ba, har kaji sun mai da ita wurin kwana. Yekini ya nuna ta da baki, ya ce zai wargaza injinta har noti na ƙarshe ya mayar. In ta tashi ran ɗaya ga Oktoba da soja za su miƙa mulki, Waliu ya koma shi kaɗai, kada ya ƙara ambaton Offa. In ba ta tashi ba, a sayi tikiti uku. Waliu ya amsa da sauri, don ya ga ƙurar da ke kanta.

Tun yana ɗan koyo aka koya wa Yekini tsari ɗaya: duk abin da ka cire ka ajiye shi a layi bayan wanda ya riga shi, in za ka haɗa sai ka faro daga wutsiyar layin. Da can al'ada ce kawai. Yanzu kuwa da ita ya dogara, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Ya shimfiɗa tabarma uku a tsakar gida. Ya cire fulogi, ya cire kabureta, ya buɗe kan inji ya zaro fistin, sannan ya raba cikin injin biyu ya fito da kuloci da giya ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya wanke shi da kananzir kafin ya ba shi wurinsa. Kwana huɗu yana yi. Cutar ma ba babba ba ce, zoben fistin ne ya karye.

Ran Juma'a shi da Waliu suka tafi Sabon Gari wurin Innocent mai sayar da kayan babur, wanda ya san Yekini tun kafin yaƙin basasa, don su sayo sabon zobe. Suka bar Ramota a gida, nan kuwa aka yi kuskure.

Ramota ta yi shekara talatin tana sayar da maɓalli da allura da zare a kasuwar Sabon Gari. Ba ta iya ganin babba kusa da ƙarami ba tare da hannunta ya yi ƙaiƙayi ba. Kwana huɗu tana wuce tabarmin nan tana cije leɓe. Da ta ga gida ya yi shiru, sai ta ɗauko kwanukanta ta zauna.

"Baba Waliu, na gyara maka shirginka," ta ce da suka dawo. "Manya nan, matsakaita nan, ƙanana ga su a tasa. Yanzu ko makaho ya nemo abin da yake so."

Yekini ya dubi kwanuka tara, ya dubi tabarmin an naɗe an jingine. Bai yi faɗa ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ran da tukunyar jirgi ta ƙone masa hannu. Saura kwana uku.

"Baba, wannan ba laifinka ba ne," in ji Waliu a hankali. "A bar maganar, mu sayi tikitin kawai."

Yinin Asabar cur Yekini ya zauna gaban kwanukan yana neman layin nan a kansa, babu shi babu alamarsa. Ran Lahadi da safe ya ɗauki wata giya don ya goge, Ramota tana gefe tana ba shi haƙuri karo na ashirin. Yana ce mata ya isa, sai ya ga hannunsa ya riga ya zura giyar a kan sandarta, ta zauna daram. Da ya tsaya yana tunanin wacce ke biye, sai abin ya cije.

"Iya Waliu, zauna nan," ya ce. "Ba ni labarin kasuwa."

Ai kamar jira take. Ta fara daga rigimar masu tumatir, ta wuce kan wadda ta auri direba. Shi kuwa kunnensa na wurinta, hannunsa na shiga kwano yana laluba yana fitowa da abin da ya dace. Kafin Magariba kwanuka tara sun zama wayam, ko noti ɗaya bai yi saura ba.

Ran Litinin, ranar miƙa mulki, da hantsi rediyon kowane gida na ta kiɗan fareti. Yekini ya gauraya fetur da baƙin mai, ya zuba, ya taka kik. A bugu na shida ta yi tari, a na bakwai ta kama, hayaƙi ya cika zaure, kaji suka watse.

"Baba, ka ci," in ji Waliu, ya shiga ɗaki haɗa jakarsa.

Yekini ya hau ya nufi Sabon Gari don Innocent ya gani, tunda shi shagonsa bai san hutu ba. Innocent ya saurari injin, ya jinjina kai, suka yi sallama. Jim kaɗan Innocent ya ga basfar ta sake wucewa ta gabansa. Da ta zo karo na uku sai ya tare ta.

"Baba Reluwe, har yanzu gwaji ne?"

Injin na ta bugawa sumul a ƙarƙashin Yekini, ya san abin da kowane ƙarfe ke yi a ciki. Ya dubi titin hagu da dama.

"Innocent," ya ce, "ta ina ake zuwa Fagge?"

Innocent bai yi dariya ba. Ya rufe shago, ya ce dama yana da saƙo a can, ya hau kekensa ya shiga gaba. A bakin layin su Yekini, Innocent ya ɗaga hannu ya juya, bai yi wa kowa magana ba. Ba wanda ya san an yi ɓatan hanya, ba kuma wanda zai sani in Yekini ya yi shiru.

Ya shigar da basfar zaure ya kashe ta. Waliu ya fito da jaka a hannu.

"Yaushe ne jirgin kudu?" in ji Yekini.

"Gobe da yamma, Baba."

"Ka sayi tikiti uku. Ka tambaye su kuma ko akwai wurin basfa a taragon kaya."

Waliu ya buɗe baki, uwarsa ta girgiza masa kai. Ta dubi mijinta na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta fara haɗa kwanukanta, ƙanana a cikin manya.